Ƙananan Kamfanonin Faifai a Amurka: Yadda Suka Faro da Abin da Ya Riƙa Cinye Su

A watan Nuwamban 1955, Sam Phillips, mai wani ɗan kamfanin faifai da ake kira Sun a birnin Memphis na Amurka, ya sayar wa babban kamfanin RCA Victor kwantiragin Elvis Presley a kan dala 35,000. Har gobe akwai masu cewa ba a taɓa tafka asara irin wannan ba a kasuwar waƙa. Ni dai ban ga laifinsa ba. Yana da mawaƙin da faya-fayansa ke tashi a kudancin ƙasar, amma bashi ya yi masa katutu, kuma duk sabon faifan da ya karɓu ƙara masa bashin yake yi. Yadda kyakkyawan ciniki ke jefa ƙaramin kamfani cikin rami shi ne ƙashin bayan tarihin waɗannan kamfanoni, kuma ba za a gane shi ba sai an koma tushe.

A zamanin garmaho, kafin waƙa ta isa kunnen mai saye sai ta bi ta hannu huɗu. A ɗauke ta a situdiyo, a kai uwar faifan masana'anta a buga kwafi-kwafi, a rarraba wa shaguna, sannan a sa jama'a su ji ta har su fito nema. Manyan kamfanoni irin su Victor (wanda daga baya ya zama RCA Victor) da Columbia, daga baya kuma Decca da Capitol, duk hannayen nan nasu ne. Kamfani mai zaman kansa kuwa sau da yawa na farkon kaɗai gare shi, wani ma hayar ɗakin yake yi. Sauran ukun sai ya biya ko ya roƙa. Jarinsa na gaskiya kunne ne. Ya san waƙar da mutanen unguwarsu ke so, wadda manya ba su san da ita ba, ko kuma sun sani sun raina.

A farkon ƙarni na 20 ko ƙofar shiga ma babu. Victor da Columbia sun haɗa kai sun riƙe takardun mallakar fasahar yanka faifai, wato irin yankan da allura ke kaɗawa hagu da dama a cikin layin faifan. Wanda ba su ba izini ba sai dai ya yi yankan da allura ke hawa da sauka, shi kuma garmahon Victor da ya cika gidaje ba ya kunna irin wannan sai an ƙara masa wani ƙarfe. Wanda ya ɓalle kwaɗon nan kamfanin ƙera fiyano ne mai suna Starr, a garin Richmond na jihar Indiana. Yana buga faifai da sunan Gennett, sunan iyalin da suka mallake shi, a 1919 kuma ya koma yin yanka irin na Victor ba tare da neman izinin kowa ba. Victor ya kai ƙara. Kotu ta ba Starr gaskiya a 1921, ta ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1922, hanya ta buɗe wa kowa.

Situdiyon Gennett wani dogon ɗakin katako ne a harabar masana'antar fiyanon, dab da layin dogo. In jirgin ƙasa ya taho sai a dakata har ya wuce, don girgizarsa tana ɓata yanka. Ba a amfani da makirufo wurin ɗaukar faifai a lokacin. Makaɗa za su taru gaban wani ƙaton mazurari, sautinsu ya bi ta cikinsa ya girgiza allurar da ke yanka faifan kaki. Mai ƙarfin busa a tura shi can baya, mai taushin sauti a matso da shi bakin mazurarin. Fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da ɗoriya, kuskure ɗaya kuma sai a ɗauko sabon kaki a faro daga farko. A wannan ɗakin ne a Afrilun 1923 King Oliver ya zo da makaɗansa daga Chicago, cikinsu har da wani saurayi mai suna Louis Armstrong, aka fara naɗar busarsa a faifai. A wannan kamfanin dai ne kuma ake buga wa ƙungiyar Ku Klux Klan, masu kisan baƙaƙen fata, faya-fayan waƙoƙinsu in sun biya kuɗi hannu. Na ambaci wannan ne don kada a ɗauka mutanen nan duk masu aƙida ne. Da yawansu 'yan kasuwa ne kawai. Paramount ma, wanda daga baya ya naɗi Ma Rainey da Blind Lemon Jefferson da Charley Patton, reshe ne na wani kamfanin ƙera kujeru a jihar Wisconsin. Akwatunan garmaho yake sayarwa, ya shiga buga faifai ne don mai saye ya sami abin kunnawa.

Kasuwar da ta raya su kuwa tana nan tun tuni, ba wanda ya kula ta. A 1920 wani baƙar fata marubucin waƙa, Perry Bradford, ya matsa wa kamfanin Okeh lamba har ya yarda ya naɗi wata mawaƙiya baƙar fata, Mamie Smith. Faifanta na biyu, “Crazy Blues”, wanda aka ɗauka a Agustan shekarar, ya yi cinikin da ya ba kowa mamaki. Sai ga shi ashe baƙaƙen Amurka suna da garmaho a gidajensu, kuma za su ciro kuɗi su sayi muryar nasu.

Harry Pace na cikin waɗanda suka ce in dai kuɗin daga aljihun baƙaƙe yake fitowa, to ya kamata wani abu ya tsaya a hannunsu. Tsohon abokin kasuwancin marubucin waƙa W. C. Handy ne a harkar buga takardun waƙa. A 1921 ya kafa Black Swan a gidansa da ke Harlem a New York, ya raɗa masa laƙabin wata baƙar mawaƙiya ta ƙarni na 19, Elizabeth Taylor Greenfield. W. E. B. Du Bois, ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙe, yana cikin daraktocinsa, Fletcher Henderson ne mai kula da ɗaukar sauti. Faya-fayan farko da suka fito a Mayun 1921 sun nuna abin da ke ran Pace. Na farko na Revella Hughes ne, na biyu na C. Carroll Clark, dukansu masu waƙar zaure irin ta 'yan boko, sai na uku ne na Katie Crippen ya zama blues, wato salon waƙar baƙaƙen kudancin Amurka. So yake ya nuna wa duniya cewa baƙar fata na iya kowace irin waƙa, ba ta mashaya kaɗai ba. Niyyar ta yi kyau, amma ba ita ta biya kuɗin haya ba. Abin da ya tsamo kamfanin shi ne “Down Home Blues” na Ethel Waters, wanda ya fito a shekarar, aka kuma bi shi da rangadin garuruwa.

To a nan gizo ke saƙar. Pace bai sami masana'antar da za ta riƙa buga masa faifai a kusa ba, sai da ya riƙa aika uwar faifai har Wisconsin, wurin masu Paramount ɗin nan. Ke nan abokin hamayyarsa na gobe yana ganin yawan kwafin da yake bugawa da wanda ya fi tafiya. A 1922 ya shiga haɗin gwiwa ya mallaki masana'anta a Long Island City, abin da ya ƙara masa nauyin bashi, har ta kai kamfanin da ke alfahari da baƙaƙen mawaƙa yana fitar da faya-fayan fararen makaɗa da sunayen aro don cike gurbi. Ana cikin haka rediyo ta shigo tana ba mutane kiɗa kyauta, masu jari kuma suka farka suka riƙa ɗauke mawaƙa da kuɗin da Pace ba zai iya biya ba. Columbia ne ya ɗauki Bessie Smith a 1923. A ƙarshen wannan shekarar Black Swan ya durƙushe, a 1924 faya-fayansa suka koma hannun Paramount. Shekara uku bai cika yana aiki ba.

Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta share ragowar. Cinikin faifai a Amurka ya faɗo daga sama da kwafi miliyan 100 a 1927 zuwa kimanin miliyan 6 a 1932. Waɗanda suka ɓullo a ƙarshen shekarun 1930 wani iri ne daban, masoya kiɗa ne da suka gaji da jiran manya. Milt Gabler mai shagon sayar da faifai ne a New York, ya kafa Commodore a 1938, kuma shi ya fitar da “Strange Fruit” na Billie Holiday a 1939, waƙar da ke magana a kan rataye baƙaƙe a kudu, bayan Columbia ya ƙi taɓa ta. Alfred Lion kuwa Bayahude ne da ya baro Jamus. Ya ji wasu makaɗan fiyano biyu, Albert Ammons da Meade Lux Lewis, a wani taro a Carnegie Hall a Disamban 1938, makonni biyu bayan haka, ranar 6 ga Janairun 1939, ya kama hayar situdiyo ya naɗe su. Kwafi 50 kacal ya buga na kowanne daga faya-fayan biyu na farko, kuma ya zaɓi babban faifai mai inci 12 don makaɗi ya sami sarari ya yi abin da ransa ke so. Mafarin kamfaninsa Blue Note ke nan.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yi wa ƙanana babbar alfarma ba da niyya ba. Faifan wancan lokacin da shalak ake yin sa, wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. A Afrilun 1942 gwamnatin Amurka ta rage wa masu buga faifai kashi 70 cikin 100 na shalak ɗin da suke samu. Ran 1 ga Agustan shekarar kuma ƙungiyar makaɗa ƙarƙashin James Petrillo ta hana 'ya'yanta shiga situdiyo sai an yarda a biya kason ciniki. Decca ya sasanta a 1943, Victor da Columbia suka ja har Nuwamban 1944. Da kayan aiki suka yi ƙaranci, manya sun tattara ɗan abin da ke hannunsu a kan taurarin da ke sayuwa a ko'ina, suka yi watsi da kiɗan baƙaƙe da na ƙauyawan kudu. A daidai lokacin ne kuma baƙaƙe ke ta kwarara daga gonakin kudu zuwa masana'antun Chicago da Detroit da Los Angeles, suna karɓar albashi. Bayan yaƙi sai ga na'urar naɗar tef, wadda ta sa ɗan ɗaki ma ya isa situdiyo, ga akwatunan kiɗa da ake jefa wa kwabo a mashaya da gidajen abinci suna buƙatar sabon faifai kowane mako, ga gidajen rediyo irin su WDIA na Memphis da suka koma yi wa baƙaƙe shiri.

Kan ka ce kwabo kamfanoni sun cika gari. Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya a Amurka, ya ranci dala 10,000 a wurin likitan haƙorin gidansu ya kafa Atlantic tare da Herb Abramson a 1947. Faya-fayansu na farko ba su yi wani tasiri ba, sai a 1949 suka dace da wata waƙar Stick McGhee, sannan Ruth Brown ta zo. A Chicago, Leonard da Phil Chess, 'yan ci-rani daga Poland masu gidan rawa, sun shiga wani ɗan kamfani mai suna Aristocrat, suka mayar da shi Chess a 1950. Faifansu na farko na Gene Ammons ne, suka ba shi lamba 1425, lambar gidan da iyalinsu suka zauna a Chicago. Na biye da shi na Muddy Waters ne. Leonard da kansa yake cika but ɗin mota da faya-fayai ya nausa kudu, yana bin shaguna da gidajen rediyo ɗaya bayan ɗaya.

Sam Phillips bai ma fara da kamfani ba. A Janairun 1950 ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a lamba 706 Union Avenue, yana naɗar bukukuwan aure da jana'iza don ya ci abinci, yana kuma naɗar mawaƙan blues yana sayar wa wasu kamfanoni uwar faifan. Shi ya naɗi “Rocket 88” a Maris ɗin 1951, Chess ya fitar, ya hau saman jerin faya-fayan baƙaƙe. B. B. King da Howlin' Wolf duk sun bi ta ɗakinsa, duk kuma waɗanda yake sayar wa suka tafi da su. Da ya ga yana noma wasu na girbi, sai ya kafa Sun a 1952. Faifan farko da ya fito kasuwa na wani yaro ne ɗan shekara 16 mai busa saksafon, Johnny London. Na farko da ya yi ciniki shi ne “Bear Cat” na Rufus Thomas a 1953, martani ga wata waƙa da ke tashe mai suna “Hound Dog”, amma ya yi kama da ita ƙwarai, masu ita suka kai ƙara, ribar ta tafi wurin biyan diyya. Faifan Elvis na farko ya fito a Yulin 1954.

Ga yadda lissafin yake. Ƙaramin kamfani ba ya kai faifai shago da kansa, diloli yake ba, kowane yanki da nasa. Masana'anta tana son kuɗinta nan kusa, haka mai buga takardar faifai. Dila kuwa bashi yake karɓar kaya, ya ɗauki wata biyu ko uku kafin ya waiwayo, kuma yana da damar dawo da duk abin da bai sayu ba. Duk wanda ya taɓa ba ɗan kasuwa kaya a kan sai an sayar a biya ya san zafin wannan. In faifai ya karɓu, diloli su yi ta bugo waya a ƙaro dubu goma, a ƙaro dubu ashirin, mai kamfani ya ciwo bashi ya buga, kuɗin baya kuma ba su shigo ba. Abin da ke sa dila ya biya tsohon bashi shi ne in yana son sabon faifan da ke hannunka. Ke nan wanda ya yi nasara sau ɗaya bai maimaita ba ya fi wanda bai taɓa yi ba shiga haɗari. Ga kuma manya a gefe, da sun ga waƙar baƙar fata ta ɗaga sai su sa farin mawaƙi ya maimaita ta su cika kasuwa da ita, kamar yadda Mercury ya yi wa LaVern Baker ta Atlantic da muryar Georgia Gibbs. A cikin wannan hali Phillips ya sayar da Elvis bayan faifai biyar, ya biya basussuka, ya sami ƙarfin tura “Blue Suede Shoes” na Carl Perkins a farkon 1956, wanda ya haura kwafi miliyan.

Vee-Jay ne ya fi ba ni tausayi. Vivian Carter, mai gabatar da shiri a rediyo, da James Bracken, baƙaƙe ne masu shagon faifai a Gary ta Indiana. Sun ranci dala 500 a wurin mai karɓar jingina a 1953, suka fara da Jimmy Reed da ƙungiyar Spaniels. Shekara goma bayan nan su ne suka fitar da Beatles a Amurka, a Fabrairun 1963, lokacin da Capitol ya ƙi su, har ma aka yi kuskuren rubuta sunan ƙungiyar a jikin faifan. Da abin ya fashe a 1964 Vee-Jay ya sayar da miliyoyi, amma shari'a da Capitol, da rikicin kason ƙungiyar mawaƙa Four Seasons, da ɓarnar kuɗi a cikin gida suka taru a kansa, ya rufe a 1966. Wanda ya gano bakin zaren tun da wuri shi ne Syd Nathan na King Records a Cincinnati, wanda ya faro a 1943. Ya tara situdiyo da masana'anta da injin buga takarda a gini ɗaya, ya buɗe rassan rarrabawa nasa na kansa, ta yadda zai buga kaɗan ya gwada kasuwa kafin ya ƙara.

Duk wannan matsi akwai wanda yake sauka a kansa daga ƙarshe, shi ne mawaƙi. Ana biyansa ɗan kuɗin zama ɗaya, ko a rubuta masa kaso a takarda sannan a cire kuɗin situdiyo da na makaɗa daga ciki, wani lokaci mai kamfani ya ƙara sunansa a cikin marubutan waƙar. Ana yi wa Atlantic kirari da gidan da Ruth ta gina, amma Ruth Brown ta koma aikatau da tuƙin motar 'yan makaranta, littattafan kamfanin kuma suna nuna ita ake bi bashi. Sai a 1988, bayan doguwar fafutuka da taimakon wani lauya, Atlantic ya sake lissafin tsofaffin mawaƙansa ya kuma ba da kuɗin kafa gidauniyar tallafa musu. Ina girmama kunnen mutanen nan, don ba don su ba da muryoyi da yawa sun tafi ba a naɗa ba. Amma girmamawar ba ta goge wannan zalunci ba.

Berry Gordy ya ɗanɗani irin wannan a matsayin marubucin waƙa. Tsohon ma'aikacin masana'antar motocin Ford ne a Detroit, ya rubuta wa Jackie Wilson waƙoƙin da suka yi tashe, ya kuma shirya wa ƙungiyar Miracles wani faifai da wani kamfanin New York ya fitar a 1958. Kamar yadda shi da Smokey Robinson, jagoran Miracles ɗin, suka sha faɗa, cekin kason da ya zo masa na dala 3.19 ne, Smokey ya ce masa in dai haka ne gara ya buɗe nasa. A Janairun 1959 ya ranci dala 800 daga asusun da danginsu ke tarawa ya kafa Tamla, wanda ya zama Motown. Duk da haka faifansa na farko, “Come to Me” na Marv Johnson, da ya fara tafiya a Detroit sai da ya miƙa shi ga United Artists, don ba shi da ƙarfin kai shi sauran jihohi. “Money” na Barrett Strong ma ta kamfanin 'yan uwansa mata, Anna Records, ya bi ya isa ƙasa baki ɗaya. Sai a 1960 ya yi ta maza ya riƙe “Shop Around” a hannunsa. Faifan ya riga ya fita a Detroit, Gordy ya ji bai gamsu da tafiyar kiɗan ba, ya taso Smokey da makaɗa cikin tsakar dare aka sake ɗauka, aka ƙara wa kiɗan sauri. Wannan na biyun ne ya zama faifan Motown na farko da ya kai miliyan.

Daga nan Gordy ya tattara komai a gidansa na West Grand Boulevard: situdiyo, kamfanin mallakar waƙoƙi mai suna Jobete, har da ofishin da ke kula da harkokin mawaƙan kansu. Hakan ya sa diloli ba su iya juya shi, don kullum yana da sabon faifan da suke so. Hakan kuma ya sa mawaƙi ba shi da wanda zai kai wa kuka, tunda mai kamfanin da manajan nasa mutum ɗaya ne. Mary Wells ta fice a 1964 da ta cika shekara 21. Marubutan nan uku, Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, waɗanda suka rubuta wa Supremes da Four Tops mafi yawan waƙoƙin da suka ɗaga su, sun ɓata da shi a kan kaso, aka shiga kotu, a ƙarshen shekarun 1960 suka kafa nasu ƙananan kamfanoni biyu a Detroit ɗin, Invictus da Hot Wax.